Kano Zuwa Jidda, Awa Goma Sha Biyu

Na san za ku yi mini dariya, ku da kuka taso jirgin sama yana wucewa ta kanku ko ɗaga ido ba kwa yi. Ku yi abinku, ni ma na yi wa kaina bayan na gama kukan. Amma ku tuna a Zuru nake, zamanin Turawa, shekara bakwai da dawowar mazan garinmu daga yaƙin Bama, kuma duk unguwarmu mutum ɗaya ne ya taɓa zuwa Makka ya dawo. Shi ma da ƙafa ya je.

Sunana Asiya. Shekarata goma sha tara a lokacin, wato a bakin matan unguwa na riga na tsufa a gida. Babana maɗinki ne, kekensa na zaure, daga hantsi zuwa la'asar ba ka jin komai sai ƙararsa. Mutum ne mai sanyi, ya sha faɗa a gaban kowa cewa shi ba ya yi wa 'yarsa tilas. Abu ɗaya ya tsana a duniya, soja, tun da ƙanensa ya tafi Bama aka kawo mana bargonsa da butarsa kawai.

Ni kuwa zuciyata, da yake ba ta da aikin yi, sai ta je ta ɗauko soja.

Yari sunansa, mutumin Manga, kofur ne a barikin Kaduna. Hutu ya zo, ya kawo wando a rage masa ƙugu, ni kuma na kawo wa Baba fura zaure. Iyakar abin da ya faru ke nan, amma wandon nan sai da aka gyara shi sau uku kafin hutun ya ƙare. Da ya koma sai wasiƙa ta fara zuwa ta hannun yayata Maijidda, wadda ke aure bayan kasuwa, don ita ta yi ajin yaƙi da jahilci, tana karanta boko tana bin layi da yatsa. Ta ƙarshen har yau na haddace ta:

"Asiya, saura shekara biyu in ajiye kaki. Mutanenmu shekara bakwai suke yi wa iyayen mace noma kafin a ba su ita, shi ne golmo, ba mai kuka. Ni biyu kawai nake roƙo. Ki riƙe mini wuri."

Shekara biyu! A takarda kamar ba komai. A gidanmu kuwa ko wata biyu ban da shi, don Inna ta sa ni gaba. In na zauna tsefe kai ta ce, "Ƙawayenki dut sun yi goyo, ke kina nan kina kitso." In na tashi daka ta ce, "Dakan nan gidan wani ya kamata ki yi shi." Har Baba mai sanyi ya kira ni ran nan, bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba, ya ce, "Kahin a yanke dawa ki hwaɗa min wanda kike so. Ni ba ni zaɓa maki."

Da na ce Yari, da a ranar za a rufe maganar har abada. Da na ce ba kowa, da Inna ta kwashi kayanta ta bar mini gidan. Ina cikin wannan sai ga Muntaka.

Muntaka ɗan unguwarmu ne, tare muka yi makarantar allo, sai dai ya tafi Kano ya zama yaron wani attajiri mai sayen gyaɗa, ya dawo da Hausar Kano a baki da agogo a hannu. Ba mummuna ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Dogo ne, ga fara'a, ga kyauta. Matsalarsa gishiri. In Muntaka ya ga kare a Kano, kafin ya iso Zuru ya zama kura. Da la'asar zai jingine kekensa a jikin zaure, ya gyara hular dara, ya turo hannun riga baya don agogon ya sha iska, ya fara ba ni labarin ruwan da ke fitowa daga bango da fitilar da ba a zuba mata kananzir. Ni dai ina wasa da bakin gyalena ina cewa, "Allah sarki."

Ranar wata Laraba ya zo bakinsa har kunne.

"Asiya, maigidana zai tafi aikin haji bana, kuma da ni zai tafi, in riƙe masa kaya."

"Makka?"

"Makka. A jirgin sama."

"To, Allah shi kiyaye hanya. Shekara nawa za ku yi?"

Ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Wace shekara? Daga Kano zuwa Jidda mil dubu biyu ne da ɗoriya, na gani a takardar ofishin jirgin da idona. Awa goma sha biyu a sama, in an cire saukar da ake yi a Lami da Hartum a sha mai. Yau ki karya a Kano, gobe ki karya a Jidda."

Na kalli agogonsa, na kalli bakinsa, na ce a raina yau gishirin ya fi miyar yawa. Amma wani abu ya ɗarsu a zuciyata, washegari da sassafe na ɗauki ƙwaryar kunu na tafi gaida Baba Dodo.

Baba Dodo wan Babana ne, shi ne Alhajin da na gaya muku. Yana zaune a kan buzu ya miƙe ƙafafun nan nasa masu faso, na zube na gaishe shi, na kwashe maganar Muntaka duka na faɗa masa. Sai da ya kurɓi kunu sau biyu kafin ya amsa.

"Ɗiyata, mu goma sha ɗaya munka tashi. Kano zuwa Lami, kwana arba'in. Lami zuwa Abashe, jakina ya mutu. Ga Fashir guzuri ya ƙare, ga Lubayya munka yi dako shekara guda. Shekara uku ina tsinkar auduga ga gonakin Jazira kahin in ga ruwan Sawakin. Shekara tara, zuwa da komowa. Huɗu sun mutu, shida sun yi aure can sun manta da hanyar gida, ni kaɗai na komo. Wanga yaro shi ce min wuni guda?"

"Cewa ya yi jirgin sama, Baba."

"Na gane shi, ban ce babu ba. Ga Hartum na gane shi, wasiƙun Turawa shike ɗauka. Amma a zuba musulmi ciki a kai su ɗakin Allah kahin rana ta sake hitowa? Ai ko lada ba ta cim masu. Lami za a sauke su a ce kowa shi kama gabanai, ki riƙe magana tawa."

Na riƙe ta kuwa, hannu biyu. Wa zan yarda da shi, mai faso ko mai agogo? A hanyar komawa gida har tsalle na yi a kan wata kwata, don na ga mafita shimfiɗe a gabana. In ce Muntaka nake so, amma sai ya dawo. Inna ta sarara mini, Baba ya samu amsarsa, Muntaka ya je ya auri wata doguwar Basudaniya ya huta, Yari ya gama shekara biyunsa. Kowa ya ci riba, ba a cuci kowa ba. Ku faɗi gaskiya, a wurina ba ku ga dabara ba?

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a zaurenmu, Baba da Baba Dodo da kawun Muntaka, shi kuma yana rakuɓe a bakin ƙofa. Na ɗaura zanen saƙi mai baƙi da fari, na ja gyale har hanci, na durƙusa. Baba ya tambaye ni, na amsa da muryar da ko sauro ya fi ta ƙarfi.

"Muntaka nike so, Baba. Amma sai ya komo daga Makka."

Inna da ke laɓe a bayan asabari ta saki guɗa tun ba a gama ba. Baba kuwa shi ya ga yadda matar Baba Dodo ta zauna shekara tara, ba ita ga aure ba ita ga zawarci, har gashinta ya yi fari. Ya dubi kawun Muntaka ya ce, "Na ba shi. Amma ni ba ni aje ɗiyata ta bushe. In damina uku ta wuce bai komo ba, ta huta, ta kawo wanda take so, ba ni cewa a'a."

Ta ƙarƙashin gyale na ce, "Ko wane ne, Baba?"

"Ko wane ne."

Wannan ko a mafarki ban roƙa ba. Muntaka ya yi dariya daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, damina uku? Ko wata uku ba zan yi ba." Dattawan suka dube shi da tausayi, yadda ake duban mara lafiyar da ke cewa gobe zai tafi gona. Aka shafa fatiha, aka raba goro unguwa-unguwa har bayan gari.

Rakiyar da aka yi masa sai wanda ya gani. Ya bi gida-gida yana neman gafara, don haka ake yi, mai tafiya Makka rabinsa na lahira. Uwarsa ta suma sau biyu. Mata suka haɗa masa kilishi da dakuwa da garin gero mai yaji, abin da zai ci har Abashe. Baba Dodo ya ba shi sandarsa da sunan wani mahauci a Lubayya wanda zai ba shi masauki. Muntaka yana ta cewa a jirgi awon kaya ake yi, ba mai sauraronsa. Ni kuwa na fi kowa kuka, na yi shi da kyau har ƙawayena suna riƙe ni. Da zai hau motar Kwantagora ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ki daina kuka, Asiya. Wallahi kafin a gama yankan gero kin gan ni." A nan ne kawai na ji wani abu ya soke ni, don da gaske yake lallashina.

Tun a hanyar komawa Maijidda ta ja ni gefe.

"Ke, zo mu rubuta ma Yari yau. Goron nan da anka raba, baki gare shi."

"Gaggawar mi, Yaya? Damina uku gare ni."

Haka na ce, da bakina. Satin farko na ce sai hankali ya kwanta. Na biyu ɗinkin Sallah ya taso, ina taya Baba sa maɓalli. Na uku ga lalle ga kitso. Rabona da jin daɗi irin na lokacin har na manta: ba mai yi mini gorin aure, Inna har tsokar nama take ƙara mini, wai amanar Alhaji. Da Babbar Sallah na sha atamfa mai ganyen rogo da murjani uku a wuya, mata suna nuna ni suna cewa ga yarinya mai haƙuri. Sai bayan Sallah da kwana goma na zauna gaban Maijidda na faɗi komai tana rubutawa, cewa baikon nan garkuwa ce kawai, cewa Baba ya yi alkawari a gaban shaidu, cewa wurinsa na nan na riƙe. Muka ba wani direban babbar mota mai zuwa Zungeru ya jefa a jirgin ƙasa. Ruwa kuwa a watan nan kamar da bakin ƙwarya ake zuba shi.

Ina tsakar gida ina tankaɗe ranar wata Talata sai na ji keken Baba ya tsaya, ba lokacin salla ba. Masinja ne daga ofishin Turawa da takardar tangaraho. Baba ya aika aka kira Maijidda, ta zo da goyonta, ta sa yatsa a layin. Na ga yatsan ya tsaya, ta ɗago ta dube ni kafin ta karanta.

"Na sauka Kano lafiya. Ina tafe. Alhaji Muntaka."

Rariyar ta suɓuce daga hannuna, gari ya watse a ƙasa, kaji suka yo kansa. Inna ta rangaɗa guɗa tana cewa, "Ku dubi murna, har ta zubar da gari!" Sati bakwai, jama'a. Dawar da aka ce in kawo miji kafin a yanke ta ko kai ba ta fitar ba.

Baba Dodo ya ce ƙarya ne, daga Lami suka juyo. Da wannan na rayu kwana biyar, don daga Kano zuwa Zuru kwana biyar ya ɗauke shi, jirgin ƙasa da mota da jiran kwalekwale a mashigi. Ranar Lahadi ya iso. Ya rame, ya yi baƙi, kansa a aske ƙwal, yana tari, ga farar jallabiya ga makawiya a ka. Aka cika zaurenmu har waje, mu mata muna leƙe ta asabari, Baba Dodo ya sa shi gaba kamar alƙali.

"Tsakanin Safa da Marwa, ina aka sassarfa?"

Ya faɗa.

"Ruwan Zamzam, mi ad ɗanɗanonai?"

Ya faɗa, ya kuma tura masa gwangwani a gabansa. Baba Dodo ya buɗe, ya ɗanɗana, ya daɗe bai haɗiye ba. Kowa na jira Muntaka ya fara zuba, ga dama ta samu, amma sai ya sunkuyar da kai.

"Baba Alhaji, ni ba abin da na yi. Zama na yi ga kujera ina amai cikin jakar takarda, kunnena ya toshe. Da gari ya waye na duba ta taga, ba itace ba ruwa, rairayi har iyakar gani. Na ce nan Baba Dodo ya taka da ƙahwa. Wallahi sai da na yi hawaye."

Hausar Kanon ma ta gudu, ya koma maganar gida. Baba Dodo ya share ido da gefen rawani, ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Da wannan kalma, tawa ta ƙare.

Da la'asar aka ce yana kirana. Na ɗauki awa guda ina neman ɗankwalin da ke kaina. Na sa kwalli, na fito na same shi a kan tabarma a zaure, Baba ya tafi masallaci, an rufe keken ɗinki da zane. Babu agogo a hannunsa. Ya tura mini ƙulli, dabino da tasbaha da wani kallabi kore mai zare-zaren zinariya, abin da ban taɓa ganin irinsa ba.

"An gode, Alhaji. Ya hanya?"

"Hanya lahiya." Ya ɗan yi tari. "Na ga wani ɗan garinmu ga tashar Kaduna."

Na ce, "Allah sarki."

"Jirginmu ya tsaya, tasha cike da soja, za a kai su Inugu. Wani kofur ya gane ni, ya zo ya karɓi akwatina ya kai min har taragu, ya ƙi bari in taɓa. Yari, na Manga. Kin san shi, yana kawo ma Baba ɗinki."

Na gyaɗa kai.

"Ya yi min barka da Makka, ya yi min barka da ke. Wani ɗan Ribah da ya zo hutu shi ya kai masu goron baikonmu har bariki. Ya ce ya ci, ya sa albarka." Muntaka ya tsaya yana murza bakin tabarma. "Ya ce da saura shekara biyu shi bar aiki, amma washegarin goron ya je ya dangwala hannu ga takarda. Shida ya ƙara."

Shida. Ni da na tashi neman shekaru, ga su an ba ni har da gyara. Na dafa ƙasa, na ce wa kaina Asiya ki yi shiru, ki ce Allah ya tsare shi kamar yadda kowace 'yar mutunci za ta ce, ki ɗauki kallabinki ki shiga gida. Mutumin nan bai yi miki komai ba sai gaskiya, tun ranar farko ya faɗa miki awa goma sha biyu. Kunya da baƙin ciki suka taru a kaina, ban san wanda ya fi ciwo ba. Ina jin bakina ya buɗe da kansa.

"Wasiƙa hwa? Bai ce ya ga wasiƙa ba?"

Muntaka ya ɗago ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba, kallona kawai ya yi har sai da na gane abin da na faɗa.

"Motocin Zungeru na can bakin mashigi, sati uku ke nan, mun wuce su da kwalekwale," ya ce. "Ashe akwai wasiƙa."

"Alhaji, ka tsaya ka ji..."

"Da na ga idon Yari ga tasha na yi zato. Dut hanya ina roƙon Allah shi sa zaton banza ne."

Ya miƙe, ya zura takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya bar ƙullin a inda yake. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ni na ji amsata, Asiya. Saura Babanki. Gobe da hantsi su kawu za su zo sa rana, kuma Baba ya ce sai ya sake tambayarki gaban kowa."